Ga-ruwan Italiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Anas ɗana, ina gaishe ka, ina gaida kawunka Sale da iyalinsa da suka ba ka ɗaki a unguwar Safa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah ya tsare ka a inda kake da inda za ka, ya tsare maka ƙafafunka, ya tsare ƙashin kafaɗarka, tunda an ce mini shi 'yan sana'arku suka fi karyawa.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da ka gama da ita kafin shayinka ya huce, ka ce "tayyib" ka ajiye. Hausar boko kuwa na san sai ka bi ta da yatsa kana motsa leɓe, yadda kake yi kana ƙarami. Haka nake so. Kai mutum ne mai gudu, yau dai ka taka a hankali.

Kwana goma sha tara ke nan ba ka yi mini magana ba, kuma ran Asabar jirginka zai tashi zuwa Italiya. Ummanka ta ce in ban gyara abin da na ɓata kafin Asabar ba, in nemi wani gidan da zan riƙa cin tuwo. Ba tsoronta ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, ko da yake akwai shi. Ba na so kalmar da na jefe ka da ita ta zama guzurinka daga wurina.

Bari in faɗi abin yadda ya faru, don kada ka ce na tsallake inda laifina yake. Ran Juma'ar nan mai horar da kai, Sinyor Nando, ya zo gidanmu a unguwar Nuzla, nan Jidda, cin abincin rana. Ummanka ta yi tuwo da miyar kuɓewa, bawan Allah ya ɗaga loma yana jiran miyar ta tsinke, ta ƙi tsinkewa. Ni ne tafinta kamar kullum. Shi yana haɗa Larabcinsa na kasuwa da Turanci, ni ina juya wa ummanka da kawunka. Ya ce wata ƙaramar ƙungiyar tseren keke a arewacin ƙasarsu ta yarda ta gwada ka shekara ɗaya, za ka fara a matsayin "gregario". Kunnena kuwa "ga-ruwa" ya ji. Wallahi da farko ba wasa nake yi ba, haka na ji. Na juya na ce wa ummanka, "Ya ce za su ɗauki Anas ga-ruwa." Kawunka ya ƙware da dariya.

A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka sai na tambayi baƙon ma'anar kalmar, shi kuma ya ba ni amsa tsakaninsa da Allah. Ya ce ana cikin tsere za ka rage gudu ka koma wurin motar ƙungiya, a miƙo maka gorunan ruwa ka cusa a riga, ka sake kamo jama'arka ka raba musu. Na ce, "Ashe ban yi kuskure ba. Ɗana zai hau jirgi ya ƙetare teku ya je ya yi ga-ruwa, kuma ko kurar tura ruwa ba za a ba shi ba." Ka tsame hannunka daga kwano, ka ce da Larabci, "Halas, yaba," wato ya isa haka, baba, ka tashi. Shekara shida kana fita bayan sallar asuba kana taka keke har bakin tekun Ubhur ka dawo, ranar da abin ya haifi ɗa mai ido, ubanka ya mai da shi abin dariya a gaban malaminka.

Ga nasiha daga wanda bai yi aiki da ita ba. In magana mai ban dariya ta zo bakinka, dubi fuskar wanda za ta sauka a kansa kafin ka sake ta. Ni shekara hamsin da ɗoriya fuskar masu dariyar kawai nake kallo.

Bayan mako guda na je na sami Sinyor Nando a shagonsa. Na ce a raina tunda ni mai karatu ne, in na zauna da shi awa ɗaya zan gane sana'ar nan ciki da bai. Na same shi yana daidaita wayoyin taya, ya ba ni kujera da gahawa mai ɗacin tsiya a ɗan kofi kamar murfin kwalba.

Na ce, "Shekara nawa ka yi kana tsere a ƙasarku?"

Ya ce, "Goma sha uku. Shi ne aikina, ba ni da wani."

"Sau nawa ka ci?"

Ya haɗa yatsu biyu ya yi mini sifili, yana murmushi kamar wanda ya nuna takardar digiri.

Na ɗauka Larabcin ne ya ƙwace masa, na maimaita da Turanci. Ya sake yi mini sifilin. Na ce, "Kuma ba su kore ka ba?" Ya ce ƙungiyoyi har rububinsa suke yi. Ya ce abokin gabar mai keke ba mutum ba ne, iska ce. Wanda ke gaba shi yake shan dukanta, na bayansa yana laɓe. Aikinsa shi ne ya wuni a gaba yana tare wa jagoran ƙungiya iska, ya kawo masa ruwa, ya kawo masa rigar sanyi, in an zo dab da ƙarshe ya kauce gefe ya bar shi ya wuce a ba shi furanni. Na ce, "To me ya hana kai ma ka laɓe?" Ya ce, "Ya ustaz, in kowa ya laɓe, a bayan wa?"

Sannan ya ba ni labarin wata rana a kan dutse. Ya ce ranar ƙafafunsa sun tashi da ƙarfin da bai taɓa ji ba, suna cikin 'yan kaɗan da suka tsere wa jama'a, mahaifiyarsa tana kallo a talabijin a ƙauyensu. Sai tayar jagoransa ta fashe, motarsu kuma tana can baya. Ya tsaya, ya cire tayarsa, ya ɗaura wa mutumin, ya tura shi da hannu, shi kuma ya tsaya a bakin hanya riƙe da keke mai ƙafa ɗaya.

Na ce, "To alhamdu lillahi, ya ci ke nan."

Ya ce, "A'a. Mun zo na huɗu."

"Ku wa?"

"Shi."

Anas, na karanta nahawu, na karanta tarihin dauloli, na san sarakunan da suka kashe 'yan'uwansu don kujera da waziran da suka mutu don sarakuna. Ban taɓa cin karo da "mu" ɗin da yake nufin mutum ɗaya ba, kuma mutumin ba mai maganar ba. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Na zaci zai ce a'a, in samu abin da zan rubuto maka mai daɗi. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wani lokaci, in ina aske gemu." Ya ci gaba da murɗa wayoyinsa.

Na dawo gida na buɗe ƙamus. Ashe kalmar daga wata tsohuwar kalmarsu mai nufin garke ta samo asali, wato ɗaya daga cikin garke, sojan da ba shi da igiya. Ka ga ko a nan kunnena bai yi nisa sosai ba, amma wannan ba zan faɗa a gaban kawunka ba.

To me zan ce maka? Ban sani ba ko in ce ka zama kamarsa ko in ce kada ka zama. Kwana biyu ina juya abin. Mutumin ba ya kama da wanda aka cuta, ba ya kuma kama da wanda ya ci riba. Abin da na iya fitarwa kaɗai shi ne wannan: ka lura da wanda za ka tare wa iska. In kun gama tsere ya nemo ka a cikin jama'a ya dafa kafaɗarka, ba shi tayarka. In bai san yadda ake faɗin sunanka ba bayan wata shida, ka yi aikinka da gaskiya har ƙarshen shekara, sannan ka nemi wani. Kuma in ranar ƙafafunka ta zo aka ce maka tafi, ka tafi, kada ka waiwayo neman izini na biyu.

Wannan kunnen nawa ba yau ya fara ba ni kunya ba. Ina ɗan shekara ashirin da biyu na fara tafinta a wani ƙaramin asibiti lokacin aikin hajji. Hausata ta Nuzla ce, rabinta Larabci, amma na sa farar riga na rataya kati a wuya, ina jin babu kalmar da za ta gagare ni. Aka kawo wata tsohuwa daga ƙauyen Katsina, ta dafe kai tana cewa, "Ɗan nan, hajijiya, hajijiya." Ban taɓa jin kalmar ba. Likita yana kallona, ni kuwa na ji nauyin in ce ban sani ba. Na ce masa, "Wata Hajiya take nema." Aka tura ma'aikaci waje yana kiran Hajiya a cikin mata ɗari, kowacce ta waiwayo. Kafin ya dawo tsohuwar ta zame daga kan kujera ta faɗi, goshinta ya fashe. Jiri take ji, ruwan jikinta ya ƙare. Allah ya taimaka ta tashi, har ta sa mini albarka da za ta tafi, don ba ta san abin da na yi ba.

An ce za a liƙa maka wata 'yar na'ura a kunne, wani mutum a mota yana ba ka umarni da Italiyanci kana gangarowa daga dutse da gudun da ko a mota ba na yarda in yi. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Ka faɗa sau biyu, sau uku, su yi maka dariya a wurin cin abinci. Kada ka gyaɗa kai don gudun kunya. Kalmomin farko da za ka haddace su ne dama, hagu, rami, da "maimaita".

Akwai kuma maganar rufin gida. Kana aji biyu na sakandare ka faɗi lissafi, na ɗauki kekenka na ɗaure shi da sarƙa a saman bene, na ce sai sakamako ya gyaru. Na manta da raɓar Jidda. Wata huɗu, sarƙar keken ta yi tsatsa har ba a bambanta ta da tawa. Ka sauko da shi a kafaɗa, ka zauna a ƙofar gida da tsohon buroshin haƙori da kananzir har kwana uku. Na tsaya a taga ina kallonka, na ga yaron da aka ce ba ya mai da hankali yana wanke ƙarfe ɗaya-ɗaya yana jera su bisa tsari a kan jarida. Ya kamata in gane wani abu a ranar. Abin da na ce shi ne, "Da haka kake yi wa lissafi." In Allah ya ba ka iko a kan wani, ko ɗa ko na ƙasa da kai a wurin aiki, kada ka hukunta shi da abin da ya fi so. Ba gyara shi kake yi ba, koya masa ɓoye maka abin da yake so kake yi.

Shekaranjiya na so in gwada sabon ilimina a kan ummanka. Tana yanka albasa na ce mata, "Ummu Anas, na gano wani abu. Shekara ashirin da shida ke ce gregario ɗina, ke kike tare mini iska." Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To wane tsere ka ci?" Na koma falo.

Yanzu ga abin da ya sa takardar nan ta yi tsawo, don tun ɗazu kewaye nake yi.

Na gaya maka kakanka ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ce tsantsa ba, amma hajarsa ruwa ce. Sagga ne, wato ga-ruwan Jidda na wancan zamani. Ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba, ya ɗauki sanda da garwa biyu, yana ɗebo ruwa daga famfon unguwa yana hawa da shi benayen mutane tun safe har la'asar. Da wannan sandar ya sa ni a makaranta, da ita ya saya mini littattafan da nake taƙama da su.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, mun taso daga makaranta ni da wasu abokai biyu 'ya'yan masu shaguna, sai ga shi ya ɓullo daga lungu, zani ɗaure a ƙugu, garwa tana ɗiga. Ya gan ni ya washe baki ya ce da Hausa, "Malam ƙarami, an taso?" Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce da Larabci, "Saggan gidanmu ne."

Yana jin Larabci, Anas. Ya gyara sandar a kafaɗa ya wuce. Da na koma gida ya zuba mini ruwan alwala a buta kamar kullum, ya tambaye ni abin da aka koya mana. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Na yi ta cewa sai na girma, sai na samu aiki, sai na samu kalmomin da suka dace, ni da kalmomi ne sana'ata. Ranar da ya rasu ina cikin masu yi masa wanka. Na ga kantar da sandar ta bari a kafaɗarsa, baƙa, mai tauri kamar tafin ƙafa. Na sa hannu a kai na nemi gafara, amma a lokacin ba mai amsawa.

Don haka da baƙon nan ya ce za ka cusa gorunan ruwa a riga ka kai wa wasu, ban san abin da ya taso mini ba. Na ɗauka na yi shekara arba'in ina nisanta gidanmu daga garwa, sai ga ta ta dawo a kan keke mai tsadar mota, da hular kwano da takalmi na musamman. Dariya ce ta fito, amma ba kai nake yi wa ba. Har yanzu ban tantance ko kunya ce, ko tsoro, ko haushin kaina ba. Kai dai ka san cewa ɗaukar ruwa ba baƙon abu ba ne a jininka, kuma mutumin da ya fi kowa daraja a zuriyarmu shi ya yi ta. In ka ɓata wa wani rai, ka je ka same shi yana da kunnen ji. Ni na gwada ɗaya hanyar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, ka san su amma dole in faɗa, aikin uba ke nan. Fasfonka ya kwana a hannunka, kada ka ba kowa ajiya komai kirkinsa. Ka rubuta ranar da bizar dawowarka za ta ƙare a inda idonka zai riƙa gani, ka san a nan aka haife ka amma iƙama, takardar izinin zamanmu, ba ta san wannan ba. Duk abin da za a ba ka ka haɗiye, ko a ce za a yi maka allura don ƙarin ƙarfi, ka tambayi sunansa, ka rubuta, ka kira Sinyor Nando. Shi da kansa ya ce mini ya ga samarin da suka fi shi ƙafa sun ƙare a nan. Naman da ba ka san asalinsa ba ka bar shi, taliyarsu ta ishe ka. Salla kuwa, matafiyi yana da sauƙi, ka yi amfani da sauƙin, kada ka mai da shi hutu. Maganar azumi da tsere ka tambayi malami, kada ka tambaye ni, na daina ba da fatawa a kan abin da ban sani ba tun kwana goma sha tara da suka wuce. Ka riƙa kiran ummanka. Ba sai kana da labari ba, ita numfashinka ma labari ne a wurinta.

An gaya mini ran Juma'a bayan asuba za ku yi fitarku ta ƙarshe da abokanka a hanyar Kornish ta bakin teku. Na tambayi Sinyor Nando ko akwai wani aiki a sana'ar nan da mai tumbi irina zai iya. Ya ce akwai mai tsayawa a bakin hanya ya miƙa gora. Ya koya mini: a riƙe ta daga sama da yatsu, a miƙe hannu sosai, a tsaya cak. Kada a bi mai keke da gudu, kada a matsa gaba don a taimake shi, kuma da ya taɓa ta a saki. Ya ce yawancin sababbi a wurin sakin suke kayar da mutum. Na gwada a tsakar gida, ummanka tana wucewa da sauri tana fizga. Sau uku tana cewa, "Ka saki mana, malam, ai riƙewa kake yi." A na huɗu ta ce ba laifi.

Zan tsaya da gora a hannun dama na titi, bayan masallacin nan da ke bakin ruwa, inda hanya ta miƙe. Zan sa farar riga don ka hango ni. Ba sai ka tsaya ba, an ce tsayawa ma kuskure ne. Ba sai ka ce komai ba. In ka miƙo hannu, na gane, kuma wannan karon ba na bukatar ƙamus. In ka wuce, ba zan kira ka ba, ba kuma zan kai ƙara wurin ummanka ba. Zan jira ku juyo, don an ce ta nan za ku dawo.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da santsin ruwan sama, da gangaren da ba ka sani ba. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa wanda za ka yi wa wahala ya san ka yi. Na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.